Baje kolin motoci a jami'a: Kofin na mai makulli ne ko na mai sifana?

Mota iri biyu ce ke tara jama'a a harabar jami'o'in Arewa. Ta farko kowa ya san ta. Ita ce ta ranar da ɗaliban ajin ƙarshe suka ajiye alƙalami, an sa fararen riguna abokai na ta rattaba hannu a kai, sai ga jerin gwanon motoci an sassauke gilasai, kiɗa na tashi, wani ya ɗare kan taga rabin jikinsa a waje. Da an samu fili direba zai take totur ya ja birkin hannu, mota ta juya tana neman kifewa, taya na ƙauri, ƙura ta turnuƙe, 'yan kallo su ɗaga wayoyi. Kafin magariba bidiyon ya karaɗe TikTok. Yawancin motocin nan na iyaye ne ko na yayye, wasu kuma hayarsu aka ɗauko ta yini guda. A liyafar bankwana da ƙungiyoyin ɗalibai kan shirya, inda ake raba lambobin yabo ga wanda ya fi iya ado da wadda ta fi farin jini, ba a rasa wanda sunansa ke tashi saboda abin da yake hawa kawai.

Ta biyu ba ta da kiɗa, ba ta da kujerar baya, sau da yawa ma sai an tura ta ake fito da ita daga ɗakin ƙere-ƙere. Irinta ce ɗaliban sashen injiniyan kanikanci na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samarun Zariya suka haɗa a tsakiyar shekarun 2010, suka raɗa mata suna ABUCAR, domin shiga gasar da kamfanin mai na Shell ke shirya wa ɗaliban duniya, wato Shell Eco-marathon. Ita ma kofi take nema. Bambancin shi ne, wanda zai karɓi kofin shi ne wanda ya yanka ƙarfen, ya yi waldar, ya kwana yana neman dalilin da ya sa inji ke mutuwa.

Yanzu da kudancin Kaduna ya samu jami'ar tarayya a Kachia, ga kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da ya daɗe a Kafanchan, tarukan ɗalibai za su ƙaru, na mota ma zai zo, ko an shirya masa ko ba a shirya ba. Gara tun da wuri a san wace motar za a kewaye a tafa wa.

Gasar da ake cin ta da rowar mai

Gasar ta Shell da musu ta fara. A 1939 wasu masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin da ke Wood River a jihar Illinois ta Amurka suka yi gardama kan wanda motarsa za ta fi yin nisa da galan ɗaya na fetur. Wanda ya yi nasara ya yi kusan mil 50. A 1985 aka mayar da abin gasar ɗalibai a Faransa, daga baya ta bazu zuwa nahiyar Amurka da Asiya. Daga 2012 zuwa 2015 birnin Rotadam na ƙasar Holan ne ya karɓi zagayen Turai, kuma a can ne a 2014 aka ga motocin ɗaliban Najeriya, ta Jami'ar Legas da ta Jami'ar Benin wadda suka sa wa suna Tuke-Tuke. ABU ce ta ukun jami'o'in da Shell ya tallafa wa daga Najeriya a wancan zango, ita ce kuma ta wakilci Arewa.

A wannan gasa gudu ba abin yabo ba ne. Ana so mota ta zagaya fili sau adadin da aka ƙayyade cikin lokacin da aka ƙayyade, abin da ya yi daidai da tafiyar kusan kilomita 25 a sa'a, sannan alƙalai su auna man da ta sha, a yi lissafin nisan da za ta yi da lita ɗaya. Rukuni biyu ne. Akwai na motocin gwaji zalla, masu taya uku, dogaye sirara kamar kwalekwalen da aka kife, direba a kwance yake tuƙa su. Akwai kuma rukunin waɗanda suka yi kama da motar gari, masu taya huɗu da fitilu da ƙofa da abin share gilashi. A rukunin farko ɗaliban wata makarantar fasaha ta Faransa, La Joliverie, sun sha yin lissafin da ya haura kilomita 3,000 da lita ɗaya ta fetur. Dabarar direbobin ita ce su tayar da inji na 'yan daƙiƙu, mota ta ɗauki gudu, su kashe shi ta yi ta gangarawa da kanta. Duk direban tashar da ya taɓa sauka gangaren Filato zuwa Gidan Waya da giya a furi ya san wannan dabara, ko da yake shi ganganci yake yi da rayukan fasinja, su kuwa a rufaffen fili suke.

Amma kafin mota ta taka filin ma sai ta tsallake binciken ƙwaƙwaf, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke faɗuwa. Za a ɗora ta a kan wani gangare da direba a ciki, a ce ya taka birki, a gani ko za ta motsa. Za a gwada ɗamarar kujera da nauyi a ga ko za ta tsinke. Za a auna ƙarar hon. Za a jera sanduna a gefe da gefe a tambayi direba wanne yake gani, wanne ba ya gani. Sannan a rufe shi a ciki, ɗamara a ɗaure, hular kwano a kai, a danna agogo: in bai fito cikin daƙiƙa 10 ba, motar ta faɗi. Tankin man ɗan ƙarami ne na gilashi, bai kai rabin lita ba, domin alƙali ya ga abin da aka sha da idonsa. Ɗaliban da suka yi shekara suna aiki za su iya tsallaka teku su dawo ba tare da motarsu ta zagaya fili ko sau ɗaya ba, saboda wani noti da bai ɗauru ba. Shi ya sa a wajen masu wannan harka tsallake binciken kaɗai abin a yi wa juna barka ne.

Bayan kofin rowar mai, akwai lambobin da ake bayarwa a wajen fili: na tsaro, na kyan zane, na sabuwar dabara, na iya yaɗa labarin aikin, har da na jajircewa, wanda ake bai wa ƙungiyar da komai ya lalace mata amma ta ƙi sallamawa, ko wadda ta bar nata aikin ta taimaki abokiyar hamayya. A cikin jerin nan kaf babu lambar da kuɗin uban ɗalibi zai saya masa kai-tsaye. Kuɗi na aiki, ba a musu, domin mai kayan aiki na zamani ya fi wanda ke bin kasuwar 'yan gwangwan yana neman bututu mara nauyi. Sai dai a ƙarshe ma'aunin gilashin nan ne ke yanke hukunci, shi kuwa bai san ɗan wane ba.

Akwai wani nau'in baje kolin motoci a duniya da ya fi kusa da abin da ɗalibanmu ke sha'awa. A Pebble Beach da ke Kalifoniya, tun 1950 ake jera tsofaffin motoci masu tsada a kan ciyawa, alƙalai na leƙa ƙarƙashinsu suna duba ko kowane noti na asali ne. Attajirin da ya mallaki motar shi ke hawa dandamali. Amma ko a can, masu harkar sun san garejin da ya yi shekaru yana farfaɗo da ita, sunansa kuma yana tashi tare da kofin. Mu a nan mun ɗauko hawa dandamalin, mun bar wa masu shi leƙa ƙarƙashin mota.

Jihar da ta taɓa haɗa mota

Ba baƙon abu ba ne a yi zancen ƙera mota a Jihar Kaduna. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, kuma duk wanda ya yi wayo kafin shekarun 1990 ya san yadda Fijo 504 ta mamaye ƙasar nan: ita ce motar gwamna, ita ce ta babban sakatare, doguwarta ce motar haya daga Kaduna zuwa Kafanchan, akori-kurarta kuma ita ke kwaso amfanin gona. Motar ta ci lambar gwarzuwar motar Turai a 1969, amma lambar da ta fi dacewa da ita ita ce wadda ta ci a 1975, lokacin da ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka a cikin laka da duwatsu. Ɗimbin 'yan kudancin Kaduna sun ci abinci a masana'antun Kakuri, na mota da na masaƙa. Da gwanjo ya cika kasuwa, gwamnati kuma ta daina saye, kamfanin ya durƙushe, aka sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, bashi ya kai shi hannun hukumar karɓar basussukan bankuna, AMCON, a 2012. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara haɗa motoci a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

A Kaduna kuma aka haifi Jelani Aliyu a 1966, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya zana motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a Detroit a 2007. Tarihinsa na da abin lura ga masu tafiyar da jami'o'i. Ya fara karatun zanen gine-gine a ABU, bai daɗe ba ya bar ta ya koma kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, inda ya ga an fi sa hannu a aiki, daga nan ya wuce makarantar zane a Detroit. A 2017 ya dawo ya shugabanci hukumar tsara motoci ta ƙasa, NADDC, wadda a 2021 ta kafa tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri kuwa Mustapha Gajibo, wanda ya shahara da mayar da ƙananan bas-bas masu amfani da lantarki, bai ƙarasa jami'a ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur, labarinsa ya zagaya duniya. Masu hannu ba su taɓa yankewa a Arewa ba. Abin da ke yawan faruwa shi ne a yi musu tafi, a ɗauki hoto da babban baƙo, sannan kowa ya kama gabansa.

Garin da inji ya kafa

Kafanchan ta fi garuruwa da yawa hujjar yin wannan biki, domin inji ne ya mayar da ita birni. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da Kaduna ta nan, a nan kuma reshen Jos ya balle, wanda daga baya aka ja shi har Maiduguri a 1964. Ƙasar Fantswam da masarautar Jama'a suka wayi gari da babbar mahaɗa: direbobin jirgi, masu zuba gawayi, masu gyaran tarago, maƙera da kafintoci, daga ƙasar Ibo da ta Yarabawa da Kano da ko'ina. Yara da yawa a garin sun tashi suna ganin iyayensu na dawowa gida da baƙin mai a hannu, kuma ba abin kunya ba ne, aikin reluwe aikin alfahari ne. (Wanda ke son ya ja tarihin ya fi haka nisa sai ya tuna cewa ƙauyen Nok yana nan ƙasar Jaba, kuma mutanen al'adar da aka sa wa sunansa suna narka tama fiye da shekara dubu biyu da suka wuce.) Yau tashar ta yi tsit. An ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a 2021, ɓangaren Fatakwal zuwa Aba aka fara buɗewa a 2024. Duk nauyin da jirgi ke ɗauka a da ya koma kan taya.

Nauyin kuwa ba kaɗan ba ne. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga nan take fitowa: Kachia, Jaba, Kagarko, Jama'a, Zangon Kataf. Cutar da ta afka wa gonakin citta a daminar 2023 ta karya manoma da yawa, iri ya yi tsada, amma ba ta sauya yadda kaya ke fita daga gona ba. Daga wajen Nuwamba, in an haƙe an tsaga an shanya, sai ka ga babur ya fito daga hanyar ƙauye da buhu uku, ɗaya a kan tanki, biyu a baya an ɗaure da igiyar roba, mai shi ya ƙara wa shokozoba wani safirin don kada ta zauna. A bakin kwalta akori-kura na jira, wata ta girmi direbanta, an yi mata ƙarin ƙarfe a bodi, lagireto na ɗiga, yaron mota na riƙe da jarkar ruwa da katakon weji. Ita za ta kai kaya kasuwar Kwoi ko Kachia ko Kafanchan, daga nan tirela ta ɗauka zuwa Legas. Ba citta kaɗai ba, haka masara da doya da acca da rake ke tafiya.

Waɗannan su ne motocin kudancin Kaduna. Babu injiniyan da ya zana su don wannan aiki. Injiniyoyin Japan da Faransa da Indiya sun zana wani abu daban, sai makanikai da masu walda na Kafanchan da Zonkwa da Kagoro suka gyara zanen da guduma, ba takarda ba lissafi. Wani gyaran ya yi kyau. Wani kuma shi ke sa birki ya tsinke a gangare, domin an ninka wa mota kaya ba a ninka mata birki ba. Idan akwai wurin da ilimin jami'a zai shiga ya yi amfani gobe-goben nan, to nan ne.

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lissafin ya ƙara tsananta. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000 a wurare da yawa. Tambayar da masu binciken Wood River suka yi don nishaɗi, wato nisan da mota za ta yi da ɗan mai kaɗan, ita ce yau ke raba ɗan acaɓa da riba ko faɗuwa. Duk wanda ya rage wa babur shan mai da kashi goma cikin ɗari ya ƙara wa gidaje da yawa kwanon abinci.

Makarantun da za su iya

Wani zai ce ai reshen KASU na Kafanchan ba na injiniyoyi ba ne. Gaskiya ne, jami'ar da aka kafa a 2004 ta ajiye fannin noma da na kimiyyar muhalli a can. Ni a ganina wannan bai rage komai ba. Ɗalibin noma ya fi kowa sanin nawa ake asara tsakanin gona da kasuwa, ɗalibin zanen gine-gine kuma hannunsa ya saba da zana abu kafin a yi shi, hanyar da Jelani Aliyu ya bi ke nan. Ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da ke horar da malamai. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a cikin Kafanchan, inda yara 'yan sakandare ke koyon sana'ar hannu. Ga reshen kwalejin Nuhu Bamalli a Samarun Kataf. Sannan ga sabuwar Jami'ar Tarayya ta Kachia, wadda Shugaba Bola Tinubu ya amince da ita a farkon 2025 a harabar tsohuwar Jami'ar Nok da kotu ta miƙa wa gwamnati, aka naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta. An kafa ta ne da sunan jami'ar kimiyyar da ake aiki da ita. Jami'ar da ta ɗauki wannan alkawari, ranar da za ta fara tara motoci a filinta ya kamata a ga bambanci.

Sai dai duk waɗannan makarantu in sun haɗu ba su kai garejin bakin hanya sanin mota ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ubansa zai kawo shi ya danƙa wa maigida. Shekarar farko aikinsa wanke noti da fetur a cikin yankakkiyar jarka da miƙo kaya: "Kai, ba ni sha uku." In ya miƙo sha biyu ya sha ranƙwashi. Sannu a hankali a bar shi ya kwance taya, ya canza filogi, ya wanke kafireto, har ranar da za a ce ya sauke inji shi kaɗai. Kafin a yaye shi zai iya kafa sukundireba a jikin inji ya kara kunne a ƙotar, ya ce maka, "Oga, wannan ba ta sama ba ce, metal ne ya fara ci." Mai digiri da yawa ba zai ji komai ba sai ƙara.

Amma shi ma maigidan yana da inda ya tsaya. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ke tafiyar da su. Fitila ta kama a gaban direba, a canza wannan a canza wancan, kuɗi na tafiya, a ƙarshe a ce "birenbos ne," alhali wata 'yar waya ce ta tsinke. Masu batir da masu gas kuma suna tafe. Ɗalibin da ya iya karanta abin da na'urar gwaji ta rubuta, ya iya lissafin nauyin da safirin zai ɗauka, yana da abin da zai ba maigida, kamar yadda maigida ke da abin da zai ba shi. An gwada haɗa su a cikin jihar nan. Kwalejin Fasaha ta Kaduna, a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, ta ƙulla alaƙa da masu sana'a na tsohuwar kasuwar Panteka domin a auna ƙwarewarsu a ba su takardar shaida. Abin da ya yiwu a Tudun Wadar Kaduna ba zai gagara a Kafanchan ba.

Akwai wata riba kuma da ba a cika faɗa ba. Kafanchan ta ɗanɗani rikici, na Maris ɗin 1987 ma a harabar kwalejin ilimi ya faro kafin ya bazu zuwa wasu garuruwan jihar. Gareji kuwa yana cikin wuraren da rabuwar ba ta cika shiga ba. Maigida Bajju ne, babban yaronsa Bahaushe, mai wayarin Bayarabe, mai sayar da kayan gyara Ibo, mai motar ɗan Atyap ko Ham, kuma duk da Hausa ake cinikin. Taron da zai kwaso waɗannan mutane ya kai su cikin makaranta ya fi taron jawabin zaman lafiya da ake yi a ɗakin otal.

Wa za a ba me?

Ba na cikin masu cewa a hana matasa son mota mai kyau. Wanda ya wanke tasa ya goge, ya kawo ta a gani, a ba shi wuri, shi zai ma jawo 'yan kallo. Abin da ba shi da wuri a harabar makaranta shi ne juya mota a tsakiyar mutane ba shinge ba hular kwano. An sha binne 'yan kallo saboda wasan mota a bukukuwan aure a garuruwan Arewa, kuma makarantar da ta ƙyale shi a filinta ta san abin da take saye. Mai son wannan wasa a nema masa fili daban, a kira jami'an kiyaye haɗurra, a nisanta jama'a.

Babban kofi kuwa a ajiye shi inda ma'auni zai yi magana. A cire tiyon mai daga tanki a sa a kwalba mai awo, a ɗora wa kowane babur ko keke mai ƙafa uku buhunan da nauyinsu ya zo ɗaya, a bi hanyar burji guda mai hawa da gangara, a dawo a duba kwalba. A tsayar da shi da kayan a kan gangare a ga ko birki zai riƙe. A kawo motoci iri ɗaya a ɓoye wa kowace matsala, a saki ƙungiyoyi, kowace da ɗalibi biyu da yaron gareji biyu, a ga wadda za ta fara tayar da tata. A ba da lamba ga tsohuwar Fijo ko akori-kurar da ta fi lafiya, amma a kira sunan bakaniken da ke kula da ita tare da na mai ita, su hau dandamali tare. A ba da wata ga wanda ya ƙera amalanken da babur zai ja, ko injin tsaga citta da za a iya ɗauka zuwa gona. Teburin alƙalai kuma kada ya zama na farfesoshi zalla. A sa wakilin ƙungiyar makanikai ta NATA, a sa tsohon direban tasha, a sa mace mai fataucin citta, domin ita ta san motar da ke kai kaya da wadda ke kwana a hanya.

Lokacin ma a bayyane yake. Ƙarshen Disamba kuɗin amfanin gona ya shigo hannu, hanyoyi sun bushe, 'yan yankin da ke Abuja da Kaduna da Legas sun dawo gida Kirsimeti, ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu da ke tara dubban mutane. Masu gidajen mai da dillalan babura da masu sayar da baƙin mai ba za su ƙi sa kuɗi a taron da sunansu zai fito ba.

Wahalar ba a ranar bikin take ba. Tana cikin yadda jami'o'inmu ke ɗaukar aikin ɗalibi. Kundin kammala karatu na mutum ɗaya ne ko 'yan ƙalilan, ana yin sa cikin watanni, da kuɗin aljihun ɗalibi, domin a samu maki. Da an ba da maki sai a tura abin da aka ƙera bayan ɗakin gwaji, rana ta ci, ruwa ya ci, 'yan baya su zo su faro daga tushe. Makarantun da ke lashe gasar Shell ba haka suke yi ba. Mota ɗaya suke riƙewa shekara da shekaru, ɗan aji biyu ya shiga ƙungiya yana miƙo sifana, ya fita yana shugabanta, kowane zango a rage nauyi kaɗan, a gyara inji kaɗan, a rubuta abin da aka samu a ajiye wa na baya. Wannan na buƙatar ɗaki mai makulli, da malami ɗaya da aka rage wa wasu ayyuka domin ya tsaya a kai, da ɗan kasafin da ba zai jira zuwan babban baƙo ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, kuma ƙungiyar da ba ta da waɗannan abubuwa uku ba ta tsallake irin wannan hutu. Majalisun gudanarwar KASU da ta Kachia ne ke da ikon ware ɗakin da malamin da kuɗin, kuma abu ne da za a iya yanke shi a zama ɗaya.